Na Je New York Neman Fuskar Mahaifina

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A shagonmu na tace finafinai, a ƙofar masallaci, har a teburin mai shayi, tambayar ɗaya ce: "Sabi'u, yaya Amurka?" Wani so yake in ba shi labarin benaye, wani kuma so yake ya ji ko gaskiya ne ana zubar da talabijin mai aiki a bola. Na gaji da cewa lafiya lau, don ba lafiya lau ba ce. Shi ya sa na zauna na rubuta, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta da kansa.

Sai na fara da abin da ya kai ni, domin ba yawon buɗe ido na je ba. Ban san fuskar mahaifina ba. Majemi ne a unguwar majema ta garinmu, ya rasu a haɗarin mota ina da wata goma sha huɗu a duniya, kuma bai taɓa shiga shagon mai hoto ba. Abin da na tashi ina ji shi ne, a shekarar da ya auri Inna wani Bature ya zo majema da na'urar ɗaukar fim a kan sanduna uku, har 'yan unguwa suka sa masa suna Mai Ƙafa Uku. Kwana huɗu ya yi yana ɗaukar mahaifina yana aikin fata, sannan ya naɗe kayansa ya tafi, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Inna amarya ce a lokacin, ba ta fita, ba ta ga komai ba. Tsofaffin da suka gani kuwa duk ƙasa ta rufe musu ido.

Na girma na shiga sana'ar fim a Kano, ni ne mai zama gaban kwamfuta in yanke nan in haɗa can. Na nemi fim ɗin Baturen nan har na haƙura, don ko sunansa na gaskiya babu wanda ya riƙe. Abin da ya sake tayar mini da maganar shi ne wata rana da na je gaida Inna, muna zaune tana tsince shinkafa, ta ce ba tare da ta kalle ni ba, "Ka san fuskar Malam ta fara ɓace mini? Ina tuna tafiyarsa, ina tuna tarinsa. Fuskar ce in na kamo ta sai ta zame." Na fito daga gidan raina a jagule.

Bayan wata biyu sai ga hoto a wayata daga Nura, abokina tun firamare, wanda yake aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a New York. Takardar talla ce ya gani a bangon tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Wani gidan sinima zai yi mako biyu yana nuna finafinan wani tsohon darakta ɗan ƙasar Ostiriya, tun daga na farko har na ƙarshe, kuma shi da kansa zai zo. Hoton da aka sa a takardar na wani mutum ne a durƙushe, ya sunkuyar da kai a kan fata, ba a ganin komai sai saman hularsa da hannayensa. A ƙasa da ƙananan baƙaƙe ga sunan garinmu. Nura ya rubuta, "Kai, ba Mai Ƙafa Ukunku ba ne wannan?"

Hoto ɗaya ne aka tsamo, na gaya wa kaina. A cikin fim ai dole mahaifina ya ɗago. In ma bai ɗago ba, ni mai tace fim ne, na san wanda ya ɗauki kwana huɗu yana da ragowar da bai yi amfani da ita ba, tuli guda. Ita zan roƙa.

Wajen neman biza, matar da ke bayan gilashi ta tambaye ni abin da zai kai ni. Na ce kallon fim. Ta ce, "Fim nawa?" Na ce ɗaya. Ta daɗe tana kallona, ta duba wasiƙar Nura, ta sake kallona, sannan ta karɓi fasfo ɗin. Ina jin ta yanke hukuncin cewa maƙaryaci ba zai kawo ƙarya maras kan gado irin wannan ba.

Ana gobe zan tafi Inna ta buɗe tsohuwar adakarta, ta zaro wata jar fatar akuya daga can ƙasa, a naɗe cikin zane. Ita ce ta ƙarshe da mahaifina ya jeme da hannunsa. Na ce, "Inna, wannan kuma?" Ta ce, "Ba a zuwa roƙo hannu rabbana. Ka kai masa. In ya ga aikin mutumin zai ji nauyi." Na so in yi gardama, na ga idonta, na karɓa.

Daga Kano muka tashi, muka yada zango a Alƙahira, inda na yi awa bakwai a kan kujerar ƙarfe kusa da wani ɗan kasuwar Kantin Kwari da bai daina ba ni labarin ciwon bayansa ba. Daga nan sai doguwar tafiyar da ba ta ƙarewa. Lokacin ana tsoron cutar Ebola, saboda haka da muka sauka duk mai fasfo irin namu sai da aka auna zafin goshinsa, aka tambaye shi ko ya taɓa gawa kwanan nan. Na wuce wannan, sai kare ya tsaya a kan jakata ya ƙi gaba. Wani jami'i mai safar roba ya kai ni gefe, ya warware zanen Inna, ya ɗaga fatar da yatsa biyu kamar ya tsinci mushe. Ya ce wace dabba ce. Na ce akuya. Ya ce yaushe aka yanka ta. Na ce ta kusa sa'ata, ni kuwa na haura talatin da biyar. Ya kira wani, wancan ya shinshina, suka yi shawara, suka maido mini. Zanen ne suka ƙudundune, ban ji daɗin haka ba.

Nura yana zaune a Mount Hope, a yankin Bronx, hawa na biyar, kuma na'urar hawan benen ta zaɓi makon zuwana ta lalace. Gidan su biyu ne, shi da Alhaji Mumuni, mutumin zangon Kumasi a Gana, direban tasi da ya haura shekara ashirin a garin. A falo aka shimfiɗa mini katifa kusa da wani ƙarfen ɗumama ɗaki da yake ƙara kamar ana ƙira a cikinsa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne matakala. Ka yi kiciɓis da mutum, kafaɗarku ta gogi juna, ka yi masa sallama, ya dube ka kamar ka nemi aron wayarsa. Kwana biyu ina gaida wata tsohuwa a hawa na uku, rana ta uku ta tambayi Nura ko wani abu nake sayarwa.

Alhaji Mumuni shi ya riƙe ni, don Nura kullum yana asibiti. Mutum ne mai ƙiba da fara'a, kuma a Hausarsa babu mace. Matarsa ta bugo waya daga Kumasi sai ya ce, "Matana ya kira, ya ce yana gaishe ka." Na yi kwana biyu kafin in daina neman namijin da ake magana a kai. Shi ke girki. Ya dafa shinkafa da wake irin tasu mai jan launi, ya zuba wani baƙin yaji mai kifi wanda ya sa na yi hawaye a gabansa, ya ce, "Chale, abokina, ku mutanen Kano bakinku na jarirai ne." Duk lokacin da ya ɗora mai a wuta sai ƙararrawar hayaƙi ta ɗauki ihu, shi kuma ya hau kujera yana yi mata fifita da sallaya. Ran Juma'a ya kai ni masallaci a Tremont, wani tsohon kanti da aka mayar wurin salla, na ji Hausa iri uku a sahu ɗaya: tamu, tasu, da ta mutanen Nijar mai haɗe da Faransanci. Bayan an sallame kowa ya duba agogo ya ruga wajen motarsa kada a manna masa takardar tara. Ban ga an tsaya an gaisa yadda ya kamata ba, kuma da na faɗa, Alhaji ya ce, "Gaisuwa yana cin fakin."

Fim ɗin da na zo dominsa sai ranar Lahadi ta ƙarshe, don haka na ce bari in san mutumin kafin in tsaya gabansa. Na koyi shiga jirgin ƙasa zuwa Manhattan, bayan da na farko ya wuce da ni tashata don ban san akwai mai tsayawa ko'ina da mai tsallake ba. Na kalli finafinansa guda huɗu. Ɗan littafin da suke rabawa ya ce ya haura tamanin, ya fara da aikin talabijin a birnin Biyana na ƙasarsu, ya yi finafinan ma'aikata, daga baya ya koma na iyali, ya tara lambobin yabo. Ba ya sa kiɗa. Ba ya motsa kyamara. Zai ajiye ta a gaban miji da mata suna cin abinci, minti shida ba wanda ya ce uffan, ba ka jin komai sai ƙarar cokali. A wurinmu in ka kai wa furodusa irin wannan, zai tambaye ka ko kwamfutar ce ta maƙale.

Ɗaya daga ciki Alhaji Mumuni ya raka ni. Fitila na mutuwa ya yi barci. Bayan kusan minti arba'in ya farka, ya ga matar da ya bari tana wanke kwano har yanzu tana wankewa, ya ce da ƙarfi, "Ba a fara ba?" Kusan mutum goma suka juyo suna hura iska ta haƙora. Mutanen nan ba sa tari, ba sa taɓa waya, kuma in fim ya ƙare sai su zauna su karanta sunayen ma'aikata har na mai dafa shayi.

Amma zan faɗi gaskiya ko da ba na so: tsohon ya iya aiki. Na zauna ina lura da inda yake yankewa, ban ga wuri ɗaya da zan gyara masa ba. Yakan riƙe hoto har ka gaji, ka wuce gajiya, sannan ka fara ganin abin da yake so ka gani. Na fita daga na huɗun ina jin girmansa, ina kuma murna cewa irin wannan mutumin ne ya ɗauki mahaifina.

Ranar Lahadi na sa farar shadda da hula, na saka fatar a jaka. Nura ya kasa samun wanda zai karɓe shi aiki, sai Alhaji ya ajiye tasinsa ya biyo ni, bayan na sa ya yi alkawarin ba zai yi barci ba. Ƙarfe biyu na rana ne, amma zauren ya cika maƙil. Na duba hagu da dama, mu biyu ne baƙaƙe, sai mai duba tikiti.

Labarin fata ɗaya ne fim ɗin, daga majema har ta zama safar hannu a wani kanti a Biyana. Da mahaifina aka buɗe. Ga ramukan jima, ga tulin bagaruwa, ga katangar da har yau tana nan. Ga shi a durƙushe, ya ɗora fata a kan gungume yana kankare gashin da wuƙa mai ƙota biyu. Hannayensa dogaye ne, irin nawa. Na ce yanzu zai ɗago. Ya juya fatar, ya ci gaba. Ƙuda ya sauka a wuyansa, ya kore shi da kafaɗa. Wani ya yi magana daga gefe, ya gyaɗa kai kawai. Na ce to yanzu. Minti goma sha ɗaya na ƙirga, don ƙirga minti sana'ata ce. Daga nan hoto ya koma kan motar da aka loda wa fatu, kuma ba a sake dawowa garinmu ba. Sauran awa ɗayan ban san me aka nuna ba.

Aka kunna fitilu, aka yi tafi, tsohon ya fito yana dogara sanda. Gajere ne, mai sanƙo, da na'urar ji a kunne. Wata mata mai gabatarwa ta zauna kusa da shi, kuma tambayarta ta farko a kan mahaifina ce. Ta ce wannan sunkuyon an yi rubuce-rubuce a kansa, ana koyar da shi a makarantun fim, shi ne ya fito da sunansa duniya. Yaya aka yi ya samu?

Ya ce bai umarci mutumin da komai ba. Kwana huɗu bai ɗago ya dubi kyamara ba, bai yi magana ba. Ya ce a wuyan nan da ya lanƙwashe ya ga duk abin da aka yi wa nahiyarmu, ya ga mutumin da wahala ta hana shi duban sama. Sannan ya ƙara, kamar abin da ba shi da muhimmanci, cewa ya ji daɗin aiki a wurin domin shugaban majeman da kansa, wani dattijo mai ido ɗaya, shi ya tsaya kusa da shi daga farko har ƙarshe yana riƙe wa kyamara laima.

Sarkin Jima mai ido ɗaya kakana ne, mahaifin Inna. Mahaifina kuwa ango ne na 'yan watanni. Wane ango ne a garinmu zai ɗaga ido ya dubi inda surukinsa yake tsaye? Ko a hanya ya hango shi sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, in da hali ma ya sake lungu. Ba ya cin abinci a gabansa, ba ya ɗaga murya. An dasa masa suruki a gaba kwana huɗu, ina zai kai idonsa in ba kan fata ba?

Na raɗa wa Alhaji Mumuni. Ya dafe baki, abin ya fi ƙarfinsa, ya ce da bakinsu na Kumasi, "Kai! Ashe suruki ne koraa!" Aka sake juyowa ana hura mana iska.

Da aka ba masu kallo dama na ɗaga hannu, har aka gaji aka miƙo mini abin magana. Na fara yadda aka koya mini. Na gaishe shi, na tambayi lafiyarsa da gajiyar hanya, na ce mutanen garinmu suna gaishe shi. Matar ta katse ni da murmushi, ta ce lokaci ya ƙure, in tafi kai tsaye ga tambaya. Na ce mutumin nan da kuka kalla mahaifina ne.

Zauren ya ɗauki wani dogon numfashi, sai kuma tafi. Tafi fa. Har yau ban san me suka tafa wa ba. Na jira suka gama, na yi bayani da Turancina na makarantar gwamnati: cewa ba wahala ce ta sunkuyar da shi ba, kunya ce, mai laimar nan uban matarsa ne. Aka yi dariya mai daɗi, irin wadda ake yi wa yaro in ya faɗi abin hikima. Tsohon ya gyara na'urar kunnensa, ya ce labari ne mai kyau kuma ya gode. Amma dalilin da ke cikin ran mutum ba ya shiga kyamara. Abin da ke kan allo shi ne fim. Aka sake tafi, matar ta nuna wani mai tambaya a baya, wanda yake son ya san irin gilashin kyamarar da aka yi amfani da shi.

Bayan an tashi aka ajiye masa tebur a waje yana sa hannu a kan faifan finafinansa, waɗanda a wannan makon aka fara fitarwa. Na bi layi. Da na iso na zaro fatar, na miƙa masa da hannu biyu, na ce mahaifiyata ce ta aiko, aikin hannun mutumin ne na ƙarshe. Ya karɓa, ya kai hanci, ya lumshe ido. Ya ce wannan warin, shekara nawa. Na ga idonsa ya kawo ruwa, na ce a raina Inna ta yi gaskiya, ya ji nauyi. Sai ya miƙa wa wata ma'aikaciyarsa, ta ninke ta huɗu ta cusa a jakar leda tare da robar ruwansa.

Na ce ni ma mai tace fim ne, na san akwai ragowa. Ba na son komai sai daƙiƙa biyar da fuskarsa ta fito, don mahaifiyata ta fara mance ta, ni kuma ban taɓa gani ba.

Ya ajiye alƙalami. Ya ce, "Sau ɗaya ya ɗago." A rana ta uku, in ji shi, aka zo aka kira dattijon mai laima, ya tafi na ɗan lokaci. Yana ba da baya mutumin ya miƙe wuya, ya faɗa wa na kusa da shi wata magana, ya tuntsire da dariya. Yana da wushirya. Kyamara tana aiki, ta ɗauki kusan rabin minti. Ya ce bai taɓa ɗaukar dariya mai kyau irin wannan ba.

Na riƙe bakin teburin. Na ce tana ina?

Ya ce ya yanke ta. "Da na bar ta, da fim ɗin ya mutu. Masu kallo za su samu sauƙi, ni kuwa ba na so su samu sauƙi." Na ce na gane, amma guntun da aka yanke fa? Ya ce ba ya ajiye ragowa. Duk fim ɗin da ya gama, abin da bai shiga ba zubarwa yake yi a shekarar, don kada bayan ransa wani ya zo ya haɗa abin da shi bai haɗa ba. Ya faɗi wannan da alfahari, kuma na ga mutumin da ke bayana a layi yana gyaɗa kai. Daga nan ya ƙura mini ido ya ce, "Yi dariya in gani, ko kana da ita."

Ban yi ba. Ya jira kaɗan, ya ɗauki faifai ɗaya, ya tambayi yadda ake rubuta sunana, ya sa hannu, ya ce kyauta ce.

A waje Alhaji Mumuni sai huci yake. Ya ce, "Koma ka karɓo fatanka! Wallahi in ba ka je ba ni zan je." Na riƙe masa riga. Kyautar Inna ce, ba ni na bayar ba, kuma ba a aike ni in karɓo ba. Muka taka har tashar jirgi. Sai da muka zauna ya ce, "Shekara ashirin ina ɗaukan mutanen nan a mota. Suna tambayanka daga ina kake, kafin ka amsa sun sa waya a kunne."

Abin da ya fi ci mini rai ban gaya wa Alhaji ba, don ba zai gane ba, amma ku abokan sana'a za ku gane. A cikin jirgin nan na mayar da fim ɗin a kaina, na saka rabin mintin dariyar a tsakiyar minti goma sha ɗayan, na duba. Tsohon bai yi ƙarya ba. Fim ɗin zai mutu. Da ni ne a kan teburin, kuma mahaifin wani ne, da na yanke ta ban ko waiwaya ba. Na sha yi. Akwai wata tsohuwa da muka ɗauka a kasuwar ƙauye shekarun baya, ta yi kwalliya ta zo da jikokinta, na goge ta gaba ɗaya don waƙa ta samu wuri. Ko sunanta ban tambaya ba.

Sauran kwana ukun ban je ko'ina ba, sai titi na 125 a Harlem inda Nura ya ja ni in yi tsaraba. Wani mutumin Maraɗi mai sayar da turare da huluna ya ji Hausata ya ƙi barina in tafi sai da na sha shayinsa a tsaye. Ya ce me na zo yi, na ce ziyara. Masu tambayata mutum-mutumin nan na cikin ruwa da doguwar gada, ban gan su ba, ku tambayi wani.

Na sauka Kano ranar Alhamis, washegari na wuce gida. Tun a mota nake shirya abin da zan faɗa wa Inna. Na gaya mata Baturen ya karɓi fatar, ya shinshina, har ya yi ƙwalla, wannan gaskiya ne. Na gaya mata wanda ya riƙe laima. Maganar dariyar ce ban gaya mata ba, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, don Allah kada ya kai mata.

Bayan la'asar na ɗora kwamfuta a kan kujera 'yar tsugunno a tsakar gida, na juya ta yadda rana ba za ta haske allon ba. Inna ta sa tabarau, ta matso. Da hoton ya fito ta ce, "Hularsa ce. Ni na wanke ta." Ta ci gaba da kallo har minti goma sha ɗayan suka cika. Ta ce in mayar. Na mayar, ta sake kallo, hannunta a kan gwiwa.

A karo na uku, wajen inda yake juya fatar, ta sunkuyo har goshinta ya kusa taɓa allon, ta yi ƙasa da murya yadda ba a yi don ni ba.

"Ɗago mana, Malam," ta ce. "Baba ya rasu tun tuni."

Ta jira. Ya ci gaba da kankare fatarsa, har hoton ya koma kan motar lodi. Ta ce in mayar da shi farko.